Sumire Biyu

Osaka, 21 ga Nuwamba, 1982

Zuwa ga 'yata Fusae,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kin tashi lafiya, ke da jaririya da maigidanki Mitsugu. Nan sanyi ya fara shigowa. Ni lafiyata ƙalau, in ban da gwiwa, da kunnuwan nan da injin buga ƙarfe ya cinye.

Ki dubi rubutun nan da kyau. Hannuna ne. Ba wanda ya rubuta mini. Ni ne Tomekichi, ubanki.

Katin Mitsugu ya iso ranar Laraba. Na zauna a bakin ƙofa na bi shi baƙi-baƙi da yatsa: an haifi mace, uwa da 'ya suna lafiya. Sau uku na karanta, don kada ya zama ido ne ya yaudare ni. Ban san lokacin da na fita titi da silifa ɗaya ba. Na gaya wa mai sayar da awara, na gaya wa mai gidan wanka, na gaya wa wani mutum da ke jiran bas wanda ban taɓa gani ba. Ya ce, "To barka, Baba," ya matsa gefe. Shekara sittin da takwas, yau ni ma kakan wata ne!

Yanzu ga maganar da ta fi wuya. Fusae, duk tsawon rayuwarki ban iya karatu ba. Ina shekara tara aka kai ni aiki a kwale-kwalen gawayi, ban taɓa zama a aji ba. Mahaifiyarki kaɗai ta sani. Ita ke karanta mini komai, ta kuma rufa mini asiri har ta rasu. Tabaraun da kullum nake cewa na manta, babu shi. Ban taɓa mallakar tabarau ba.

Wasiƙun da kika aiko tun da kuka koma Kushiro shekara takwas da suka wuce, suna nan a gwangwanin biskit, guda ashirin da uku. Ban yar da ko ɗaya ba. Kunya ta hana ni kai wa wani ya karanta mini, waya kuma ba na ji. Da kika daina rubutowa na san dalili, ban ga laifinki ba.

Bara a watan Afrilu na shiga makarantar yamma ta tsofaffi. Mu goma sha huɗu ne a ajin Malama Odagiri. Na iya ƙananan baƙaƙe duka, masu nuna sauti. Manyan na Sin kuwa, waɗanda kowane ɗaya kalma ce guda, na kama kamar ɗari uku. Wasiƙarki ta farko ta ci mini kwana goma sha ɗaya. A ciki kin ce kin ƙona shinkafa. Na yi dariya ni kaɗai a ɗaki, kamar jiya aka yi.

Kin tuna 'yar shukar tukunya da mahaifiyarki ta sayo a kasuwar haikali, mai ganye kamar an shafa masa man shanu? Mushitori-sumire, sumire mai kama ƙwari. Furenta ne ya yi kama da sumire, ɗan furen nan na bakin hanya, shi ya sa aka ba ta sunan. Kina cewa ƙazanta ce, don ƙananan ƙudaje na mannewa a ganyen su narke. To ba ta mutu ba. Na gano in ka zare ganye ɗaya daga gindi ka kwantar a kan gansakuka mai ɗan laima, bayan sati uku sai ka ga 'yar jaririya ta leƙo daga inda ka cire. Yanzu tukwane arba'in da ɗaya ne a wurin shanya. Su nake yi wa magana da safe.

Ga ɗaya nan a gwangwanin shayi, na naɗe ta da auduga. Jikar ta mahaifiyarki ce. Ba ni da abin da ya fi ta da zan aiko. Ruwan sama take sha, ba na famfo ba.

In ba ki son amsawa, na fahimta. In za ki amsa, ki taimaka ki yi da ƙananan baƙaƙe. Wane suna aka sa wa yarinyar?

Ubanki,
Kuwabara Tomekichi


Kushiro, 6 ga Disamba

Baba,

Gaisuwa da fatan gwiwar ta yi sauƙi. Mu muna lafiya. Dusar ƙanƙara ta sauka tun makon jiya. Mitsugu ya koma jirgin kamun kifi kwana tara bayan haihuwa, sai ƙarshen Maris zai dawo. Daga ni sai ita a gidan.

Wasiƙarka ta kwana huɗu a kan tebur kafin na iya ɗaukar alƙalami.

Ina aji huɗu na ci gasar rubutu. Na rugo gida da takardar, na miƙa maka, ka juya ta ka ce ka manta tabarau a wurin aiki, ka ajiye ta ƙarƙashin butar shayi. Shekara ashirin da biyar ina ɗauke da zoben da butar nan ta bari a kan takardata. Na ɗauka ban kai a karanta ni ba ne. Da ka gaya mini, Baba, da ni zan koya maka. Ina shekara goma, ba abin da nake so kamar in zama malama.

Ban ce na yafe ba, ban kuma ce ban yafe ba. Amma na karanta wasiƙar sau da yawa. Baƙinka na "mu" a juye yake, ka gyara.

Yarinyar tana da goshinka, abin tausayi. Tana barci da hannu ɗaya a sama kamar mai son yin tambaya. Da rana nakan goya ta mu tsaya a taga mu kalli hazo, babu mai wucewa sai mai kawo kananzir. Wani lokaci har yamma ban yi magana da babban mutum ba.

Gwangwanin shayin ya iso, ganye biyu sun karye amma sauran lafiya. Na ajiye ta a tagar kicin. Har yanzu ƙazanta ce a wurina. Amma da na buɗe audugar sai na ji kamar ƙamshin wurin shanyarmu, na zauna a ƙasa na daɗe.

Ka tambayi suna. Tun kafin wasiƙarka ta zo na sa shi, saboda Inna. Ga shi a ƙasa da babban baƙi, yadda aka rubuta shi a ofishin rajista. Baƙi ɗaya ne tak. Wannan kam na san ka san shi, ba sai na fassara maka ba.

Ka riƙa sa safa biyu.

Fusae


Osaka, 15 ga Disamba

'Yata Fusae,

Gaisuwa mai tarin yawa gare ki da 'yar jikata mai goshi. Lafiyata lau, gwiwar ma ta ji labari ta yi shiru.

Kin amsa! Mai kawo wasiƙu ya ce bai taɓa ganin tsoho ya yi masa ruku'u har sau uku a kan ambulan ɗaya ba. Na kai wa mahaifiyarki gaban hotonta, na kunna turare, na karanta mata da ƙarfi. Wurin butar shayi ne na tsaya. Na tuna ranar. Na ga jan hatimi a takardar, na san abin alheri ne, na ji tsoron ki ce in karanta.

Sunan ya yi kyau ƙwarai. Na kwafe shi da babban alƙalami na manna a bango saitin inda nake cin abinci. Yana tsaye kamar ɗan gida mai rufin ciyawa. Kin iya zaɓe.

Na tafi da wasiƙar makaranta a aljihun ƙirji. Iya Chon, tsohuwar da ke sayar da gasasshen kayan ciki a bayan tasha, ita ke zama kusa da ni. Shekararta saba'in da biyu, bakinta kuwa na 'yar ashirin. Ta daka mini tsawa a kunne, don haka ake yi mini magana:

"Kai Mai-ƙuda, me kake ta shafawa a ƙirji? Budurwa ka yi?"

Na ce, "Jika na yi."

Ta ce, "Ayya, yarinya ta shiga uku. Sauran kakanni na kai alewa, nata zai kai mata ganye mai cin ƙuda."

Na ce, "Ke naki jikokin hanjin saniya kike kai musu."

Ta ce, "Ai suna ci su yi godiya. Naka fa?"

Har Malama ta rufe baki da littafi. Gobe za a rufe makaranta sai bayan sabuwar shekara. Ba na son hutu. Gidan yakan yi faɗi.

Game da ta tagar kicin: ki duba bayan furen in ta yi. Irin tamu tana da doguwar jela siririya a baya, masu shuka suna ce mata mai doguwar ƙafa, asalinta daga duwatsun Meziko. Ta duwatsunmu jelarta gajera ce, kuma ba ta jure zafin Osaka, sau biyu na gwada. Wani mutum a kasuwar haikali ya so ya sayar mini da wata wai sabon iri, na leƙa bayan furen na ce masa, "Malam, wannan ai ƙanwar tawa ce." Ban iya karanta allonsa ba a lokacin, amma jela ba ta ƙarya.

Na gyara "mu". Duba: mu, mu, mu.

Ki riƙa ba ni labarin sumire, ko layi ɗaya ne.

Ubanki mai murna,
Tomekichi


Kati, 9 ga Janairu, 1983

Baba,

Sumire ba lafiya. Kwana huɗu ba ta karɓar komai. Ta yi rawaya, kullum ƙara ƙanƙancewa take. Ban san abin da na yi ba daidai ba. Ni kaɗai ce. Ina jin tsoro. Ka ce mini wani abu.

Fusae


Osaka, 13 ga Janairu

'Yata Fusae,

Barka da sabuwar shekara, da fatan kun shige ta lafiya. Ni na ci tuwon mochi biyu ban shaƙe ba.

Katinki ya iso, kuma ki yi haƙuri, sai da na yi dariya. Kowa haka yake tsorata a karon farko. Ba abin da kika yi. Haka suke in sanyi ya kama: su daina ci, su yi rawaya, su dunƙule. Kada ki ba ta komai, ko ɗigon ruwa. Ki ɗauke ta daga kusa da risho ki kai ta wuri mai sanyi, ki daina yawan leƙa ta. Yawan kulawa ne ke kashe su. In kuma ta mutu, ta mutu, ba abin kuka ba ne. Ni nawa suka mutu a hannuna kafin na iya? Sai in aiko miki da wata, ina da su da yawa.

Nawa ma duk sun dunƙule yanzu, manyan ganyen masu maiƙo sun bushe, saura ƙanana a tsakiya a jere kamar ɓawon kifi. Waɗannan ƙananan su ne suka fi kyau a zara da hantsaki a shuka. Jiya na kwantar da talatin.

Na ji daɗi da abin ya dame ki haka. Ke da kike cewa ƙazanta ce!

Adireshin da kika sa a saman katin duk manyan baƙaƙe ne, ban gane shi ba, don haka na aika wannan gida kamar kullum.

Ki shafa mini goshin 'yar jikata. Ta fara murmushi?

Ubanki,
Tomekichi


Osaka, 4 ga Fabrairu

'Yata Fusae,

Gaisuwa da fatan kuna lafiya. Ni lafiya, sai ɗan tari.

Sati uku ke nan. Na san mai jego ba ta da hannun rubutu, ba ƙorafi nake ba. Mai kawo wasiƙu yanzu tun daga kan kwana yake girgiza mini kai, don kada in sauko da gwiwar nan a banza. Duk da haka ina saukowa.

A cikin ganye talatin, goma sha tara sun kama. Kan jaririyar bai kai ƙwayar shinkafa ba. Da safe nakan ɗaga gilashin da na rufe su da shi, in goge raɓa, in ce musu ina kwana. Ta mahaifiyarki, tsohuwar, ta fitar da fure ɗaya daga cikin dunƙulen, ja-ja mai ruwan hoda. Na juya in ce wa wani zo ka gani, babu kowa. Na gaya wa hoton.

Ina ci gaba da gwangwanin biskit. Na kai ta tara. Ina bin su a jere, ba na tsallake. A wannan kina ɗinka ƙananan safa, kin ce kada in gaya wa kowa tukuna. Shekara biyar ke nan da rubuta ta. Ban fahimta ba sosai, akwai baƙaƙen da suka fi ƙarfina. Zan ci gaba.

Ko an yi dusar ƙanƙara da yawa ne har jirgi ba ya wucewa? Iya Chon ta ce, "Ko dai ka rubuta mata wata wauta?" Na ce ni da ba na wuce layi uku ban duba ƙamus ba? Ta ce, "Wauta ai ba a ƙamus take ba."

Ki rubuto ko da suna ne kawai.

Ubanki


Osaka, 19 ga Fabrairu

Fusae,

Gaisuwa. Ina lafiya.

Ba labari. Furen ya faɗi. Bikin 'yan mata ya kusa, na ga 'yan tsana biyu a wani shago, sarki da sarauniya, ƙanana, za su shiga akwati. Na saya. Mai shagon ta ce a rubuta sunan yarinya a murfin. Zan rubuta da hannuna.

In wani abu na yi, ki faɗa mini. Na saba da a yi mini tsawa, a hankali ne ba na ji.

Ubanki


Osaka, 25 ga Fabrairu

Fusae, 'yata,

Ban san yadda zan gaishe ki ba.

Ƙarya na yi miki. Ban iya karanta sunan ba. Da na ce ya yi kyau, siffarsa kawai na gani. Kin ce kin san na san shi, sai na kasa cewa ban sani ba. A jikin tukwanena da ƙananan baƙaƙe nake rubuta komai, ban taɓa ganin wannan ba. Na ce zan nemo shi a ƙamus ni kaɗai, ba wanda zai ji. Ana neman baƙi da ƙirga zanensa. Na ƙirga goma sha biyu, ashe goma sha ɗaya ne. Wata biyu ina nema a shafin da ba ya nan. Wata biyu ina cin abinci a gabansa, ina ce mata "'yar jikata" don ba ni da abin kiranta.

Jiya na tafi da murfin akwatin makaranta don Malama Odagiri ta duba mini kafin in sa tawada. Ta duba ta ce, "Kai, suna mai daɗi. Kuma ya dace da kai." Na ce, "Malama, yaya ake faɗinsa?" Ta ɗauka wasa nake. Ta ga fuskata, sai ta ɗauki alli ta rubuta a gefe da ƙananan baƙaƙe uku. Su. Mi. Re.

Katinki yana aljihuna, duk takardunki a nan suke. Na fiddo shi na miƙa mata na ce ta karanta mini adireshin da ke sama. Ta ce, "Asibiti ne. Ɗakin jarirai."

Ban san na zauna a ƙasa ba. Iya Chon ta ƙwace katin ta bi shi da yatsa, ta ce, "Me ka amsa mata?" Na faɗa, kalma-kalma, don na haddace abin da nake rubutawa. Ta miƙo mini katin, ta ce, "Tashi, Tomekichi. Je ka rubuta." Karon farko ke nan da ta kira sunana.

Akwai kuma wani abu. Ranar Lahadi na gama wasiƙa ta goma. Yanzu na san abin da ya sami mai ƙananan safar nan. Wata bakwai, namiji. Kin rubuta, "Baba, ka zo, ko ka ce wani abu." Tana cikin gwangwani shekara biyar, ina shayar da tukwane a samansa. Sau biyu ke nan kika ce in ce wani abu. Na farko na yi shiru. Na biyu na ce in ta mutu zan aiko miki da wata.

Ba na neman ki yafe. Na so in hau jirgi yau, har na ɗaure kaya, sai na ga ba ni da ikon tsayawa a ƙofarki sai kin ce. Kuma ina tsoron abin da zan tarar.

Yau da safe ban ɗaga gilashin ba. Ban iya kallonsu ba.

Na rubuta sunan a murfin. Zane goma sha ɗaya, na ƙirga. Ban aiko da akwatin ba, don ban san ko akwai mai karɓa ba.

Abu ɗaya nake roƙo. Ko a bayan katin banza ne, ko ba sa hannu. Fusae, Sumire tana raye?

Tomekichi


Kushiro, 8 ga Maris

Baba,

Tana raye.

Na sa wannan a farko don na san a hankali kake karatu.

Ga gaisuwa. Muna gida tun ran sha biyu ga Fabrairu. Sati biyar muka yi a asibiti. Shawara ce ta kama ta, da wani ciwo a hanta da sai da aka yi mata aiki. Akwai ɗinki a cikinta tsawon ɗan yatsana. Yanzu tana tsotso kamar mai rama bashin yunwa, kumatun sun fara dawowa. Likita ya ce sai an riƙa dubawa, amma ya yi murmushi da ya faɗa. Mitsugu bai san komai ba sai da aka gama, ta rediyon jirgi aka gaya masa.

Maƙwabciya ce ta kawo mini wasiƙarka ta Janairu asibiti, ana gobe za a shiga da Sumire ɗakin tiyata. A tsaye na karanta a baranda. Da farko na ce tsohon nan ya haukace. Da na kai wurin hantsaki na gane tukunya kake nufi. Kada ka ɗauka hakan ya rage zafi. Ƙaruwa ya yi. Na ce, wato bai san sunanta ba. Ya ce ya yi kyau, ya manna a bango, bai sani ba, kuma bai tambaya ba. Na ɗauka mun wuce nan, Baba. Na ɗauka wannan karon da gaske muke.

Wasiƙunka biyu na farko na Fabrairu na same su. Ina iya gyara maka da layi ɗaya, na ƙi. Na ce bari in ga yaushe zai buɗe baki ya ce ban sani ba. Ni ma na san wannan ba hali ba ne. A wurinka na gado.

Laifina a ciki shi ne na ce na san ka san shi. Daga yau duk babban baƙin da na rubuta zan sa masa ƙanana a gefe, kamar littafin 'yan aji ɗaya. Kai kuma duk abin da ba ka gane ba ka zagaye shi da jan fensir ka dawo mini da shi. Ba roƙo nake ba.

Ta tagar kicin kuwa ta ruɓe. Kafin mu tafi asibiti na cika mata ruwa don kada ta ji ƙishi. Ashe nan ka fi ni gaskiya.

Sauran wasiƙu goma sha uku na cikin gwangwani, kada ka karanta su kai kaɗai. Akwai masu zagi a ciki. Ka zo da su, in karanta maka da bakina, a kunnenka, yadda maƙwabta ma za su ji.

Bikin 'yan mata ya wuce, amma ita ba ta san kwanan wata ba. Ka kawo akwatin. Ka bar wa Iya Chon tukwanen, ka gaya mata na ce ta riƙe hannunta da ruwa. Za ka hau jirgin ƙasa zuwa Aomori, ka tsallaka da jirgin ruwa, ka sake hawa wani. Na rubuta maka kowace tasha a takarda ta biyu. In ka ɓata, ka nuna wa mai duba tikiti ka ce masa ba ka gane ba. Ba zai cije ka ba. Nan sanyi har watan Mayu, ka sayi takalmin kirki.

Ban gama fushi da kai ba. Ka zo in ƙarasa a gabanka.

'Yarka,
Fusae